Keken Baba da Sikelin Hanak

Zlin, 9 ga Yuni, 2003

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata ƙafar ta lafa, ina kuma fata Yaya Milada ta ɓoye sukari inda hannunka ba zai kai ba. Na koma takarda ne saboda waya da kai azaba ce. Ina ihu a tsakiyar shago, kai kana can kana "Me? Me?", abokan aiki suna ta dariya. Shekara talatin a gaban injin tsaga katako sun cinye maka kunne, sai mu haƙura da biro.

Wasiƙarka sau biyu na karanta. Karon farko dariya na yi. Kai ne fa ka ce keken da muke ƙerawa gadon ragwaye ne aka sa wa taya, ka ce namiji ba ya tuƙi a rigingine. Yau likita ya ce ko ka motsa ƙafar nan kullum jini ya zagaya, ko mikin ya ci gaba har a kai ga wuƙa, sai ga ka kana neman gadon ragwaye a wurin ɗanka. Karo na biyu ban yi dariya ba, saboda na tsaya a kan mai shagon keken nan da ya dube ka sama da ƙasa ya ce ba su da na irinka. Aiko min da sunansa.

Keken kwance ya dace da kai, wannan ba gardama. Ƙafa uku gare shi, biyu a gaba ɗaya a baya, babu faɗuwa. Kujera ce mai faɗi ka jingina bayanka, feda tana gabanka, nauyinka ba ya sauka a wuyan hannu ko a siririn sirdin nan da ka ce yana neman raba ka biyu. Amma akwai abin da masu talla ba sa faɗa. A keken tsaye, in ka hango rami sai ka miƙe a kan feda, gwiwoyi su shanye bugun. A na kwance babu miƙewa. Kowane rami kai tsaye yake shiga kujera da firam, wato ƙarfen jikin keken, da ƙafar baya, da dukan nauyinka a kai. Shi ya sa Maigida Kubik, mai shagonmu, yake buga 125 a jikin kowanne. Kilo 125 ɗin nan har da takalmi da jaka da burodin da na san za ka cusa a aljihu.

Ƙarfe ba ya karyewa rana ɗaya, gajiya yake yi a hankali ba tare da ya faɗa wa kowa ba. A wani littafin injiniyoyi na karanta wannan, wanda na aro a ɗakin karatu na gari. Wata huɗu na yi ina kokawa da shi, ni da ƙamus, tun da an cire ni daga makaranta ina da shekara sha shida. Ba gori nake maka ba. To, gori ne, amma kaɗan.

Ka hau sikeli da kayanka a jiki, ka aiko min da lambar gaskiya. In ka wuce 125 babu keke, kada ma ka ɓata tawada wajen roƙona. Ba zan ɗora ubana a kan abin da na san zai watse da shi ba.

Ka gaida Yaya.

Ɗanka,
Dalibor

*

Lipova, 17 ga Yuni

Ɗana Dalibor,

Ina gaishe ka, ina gaida maigidanka ko da yake ban san fuskarsa ba. Na ga har yanzu bakinka ya fi hannunka sauri. Sunan mai shago ba zan ba ka ba, ba ni da ƙafar zuwa belin kowa.

Na hau sikeli ranar Asabar, da takalmin aiki da rigar sanyi da makullai a aljihu. Kilo 119. Maƙwabcinmu Zdenek ne ya ɗora duwatsun awo da hannunsa, tambaye shi in kana so. Ya ce, "Oldrich, ka rame fa, ko soyayya ka faɗa?" Na ce masa e, da surukarka. Ka ga akwai sauran kilo shida, sun ishi burodina har da na baƙo.

Kore nake so, irin koren tarakta. Kada ka sa min tutar nan mai kaɗawa da na gani a hoto, ni ba motar biki ba ce.

Maganar makaranta kuwa, uwarka tana kwance a lokacin, ka sani. Ba zan ƙara komai a kai ba.

Ka ci abinci sosai. Milada ta ce a hoton da ka aiko kamar an rataye riga a ƙusa.

Ubanka,
Oldrich

*

Zlin, 21 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa. An gama keken. Zdenek ya ce zai zo da motarsa ranar Juma'a ya ɗauka. Maigida ya bar min bencin aiki Asabar biyar, kuma kowane ɗinkin walda da ke jikinsa hannuna ne, ban bar kowa ya taɓa ba. Kore ne, har idona ya gaji da kallonsa.

Tuta tana nan kuma za ta zauna. Keken ƙasa-ƙasa yake, direban motar katako ba zai gan ka ba sai ya ji ka a ƙarƙashin taya. In ka cire ta zan sani, ƙauyen nan ba a rufa asiri.

Ka fara da hanyar tafki, shimfiɗaɗɗiya ce. Gangaren da ya taso daga coci ya sauka gada, mai duwatsun nan, ka bi shi da birki biyu a hannu, a hankali kamar mai rakiyar gawa. Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba: siraran wayoyin da ke riƙe da ƙafar baya. In ɗaya ta tsinke ka rubuto min a ranar, ba washegari ba. Su ne ke fara kuka kafin firam.

Sai na ji daga gare ka.

Dalibor

*

Lipova, 8 ga Satumba

Ƙanena,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, yanzu na dawo daga aiki a gidan tsofaffi, tun safe nake ɗaga mutane ina kwantarwa.

Bari in fara da mai daɗi, don ka san abin da ka yi. Mako shida ke nan Baba bai fasa fita ba, ko ana ruwa. Ya fara da tafki, yanzu har maƙabarta yake hawa. Shekara biyu rabonsa da kabarin Mama saboda tudun, yanzu shi ke shayar da furannin. Sukarinsa ya sauka. Mikin da ke tafin ƙafa, wanda ka gani lokacin bikin Ista kamar bakin kofi, ya koma kamar farce. Matan da ke zama a ƙofar kanti suna masa ihu, "Oldrich, ka manta ka tashi daga gado!" Shi kuma ya ɗaga hula ya ce, "Akwai wuri, wadda ta isa ta hau." Rabon da in ji irin wannan dariyar tasa na manta.

Ranar Laraba ina zubar da toka na ga wayoyin ƙafar keke guda biyar a ƙasan bokiti, duk a tsinke. Na tsare Zdenek a bakin shinge. Ya yi ta susar ƙeya, daga baya ya ce shi ke canza masa su, yana ciro na tsohon keken matarsa.

Ranar Alhamis na raka Baba asibiti. Da can shi kaɗai yake shiga, wannan karon na bi shi har ciki. Nas ta ce ya cire takalmi ya hau sikeli. Dalibor, 136. Ta duba katinsa ta ce haka yake tun watan Mayu, bai ƙaru ba bai ragu ba, amma sauran komai ya yi kyau, ya ci gaba da duk abin da yake yi.

A bas na ce, "Baba, a ina ka yi awon da ka aika wa Dalibor?"

Ya ce, "Sikeli ai sikeli ne."

"A ina?"

Ya juya yana kallon taga. Sai da muka wuce ƙauye biyu ya ce, "Rumfar Hanak." Sannan ya ce in na gaya maka ba ni ba shi.

Ga shi na gaya maka, domin ba na iya barci da shi. Amma ina roƙonka, kada ka ƙwace masa. Kai kana ganinsa sau uku a shekara, ni ce nake wanke ƙafar nan kowace safiya. Na san yadda yake kafin keken nan ya zo, kuma ba ni da ƙarfin komawa can. Ka nemi wata dabara, kai ne mai karatu.

Allah ya tsare ka.

Yayarka,
Milada

*

Zlin, 11 ga Satumba

Baba,

Gaisuwa, don an koya min in fara da ita.

Sikelin Hanak! A duk faɗin ƙasar nan ka rasa inda za ka auna kanka sai rumfar sayen tuffa ta Hanak. Ni da kai muke tura amalanke zuwa rumfar nan kowace kaka. Buhun da muka auna kilo arba'in a gida, da an ɗora a can sai ya koma talatin da biyar. Ƙauyen gaba ɗaya ya san sikelin nan yana cin kilo ɗaya a kowane takwas, tun zamanin uban Hanak. Kai ne kake tsayawa a bakin rumfa jijiyar wuya a tashe kana ce masa ɓarawo ɗan ɓarawo. Yau shi ne shaidarka? Tun da na ga "duwatsun awo" a wasiƙarka ya kamata in gane, amma ni jaki ne, na ɗauka uba ba ya yi wa ɗansa irin wannan.

Ka yi lissafi da kanka. 136, ka ƙara takalmi da jaka da jarkar ruwan furanni, ka doshi 145. Kilo ashirin a kan abin da na gina. Bara an dawo mana da firam ɗin wani malamin makaranta, shi da kilo goma kawai ya wuce. A gangare ya rabe da shi. Na gan shi da ya zo karɓar ragowar, an ɗaure masa muƙamuƙi da waya, yana magana ta tsakanin haƙora. Wayoyi biyar sun tsinke maka, na ce ɗaya ma ka rubuto, kai kuma ka sa Zdenek yana maka faci da ruɓaɓɓun ƙarafan matarsa.

Kada ka ƙara hawa. Ko zuwa bakin ƙofa. Ka sa Yaya ta ɗauki tocila ta leƙa ƙarƙashin kujera, daidai inda dogon bututu ya haɗu da na gicciye. In akwai layi a fenti, ko da siririn gashi ne, aikin gama ya gama.

Kuma kada ka huce a kan Milada. Ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan.

Ina nan tafe Asabar ta sama.

Dalibor

*

Lipova, 15 ga Satumba

Dalibor,

Na gaishe ka. Ka rage ihu, ko a takarda yana shiga kunnena.

Na san sikelin Hanak fiye da kai. Ban manta ba, kuma Zdenek ma bai manta ba, da ya ɗora dutsen ƙarshe bai dubi idona ba. Shekara arba'in sikelin nan yana cutata. Na ce sau ɗaya dai ya yi min ƙaryar da za ta amfane ni.

Kai siriri ne, ka ɗauko uwarka, ba za ka gane ba. Ni duk inda na juya lamba ce ke jirana. Tsanin da na saya an rubuta 120 a jikinsa. Kujerar roba a bikin 'yar Zdenek ta baje da ni a gaban mutane ɗari, har yau ana ba da labarin a mashaya, ni ma ina taya su dariya don ba yadda zan yi. A asibitin gundumar sai da suka nemo wani gado daga ƙasa, ina tsaye a baranda da jakata ina jin suna tattaunawa a kaina. Sai ga wasiƙar ɗana, ita ma da lambarta, har da cewa kada in ɓata tawada. Me kake so in rubuta maka? Da na rubuta 136 da yanzu ina kujerar kicin ina jiran ranar wuƙa.

Tafiya da ƙafa ba na iyawa, kowane taku a kan mikin yake sauka. A keken nan da diddige nake turawa, ba na jin komai. Iska tana bugun fuskata. Na ga kurege jiya a hanyar tafki, mun kalli juna ido da ido saboda tsayinmu ɗaya.

Ban sa Milada ta leƙa ba, ni na leƙa da madubin aski. Akwai layin. Ɗan ƙarami ne. Ina jin fenti ne kawai, fentinku na zamani ba shi da ƙwari.

Ka zo, ɗakinka yana nan. Amma ka zo a matsayin ɗa, masu duba lamba sun ishe ni.

Ubanka

*

Zlin, 23 ga Satumba

Yaya Milada,

Ina gaishe ki. Na san kin dawo daga aiki kin tarar da keke gida biyu a jingine da bango, ni kuma na bi bas ɗin ƙarfe huɗu ban jira ki ba. Ga yadda aka yi, ki yi min hukunci bayan kin karanta.

Na same shi a tsakar gida yana goge keken da tsumma. Ya ce, "Injiniya ya iso. Ka ci abinci?" Na ce ya matsa in gani. Na kifar da keken, na kankare fentin da wuƙa. Ba fenti ba ne, Yaya. Tsaga ce tsawon yatsana, ta zagaye kusan rabin bututun, cikinta har ya yi tsatsa. Ta yi makonni.

Har nan ina riƙe da kaina. Sai hannuna ya taɓa taya na ji laka ɗanya.

Na ce, "Ka hau yau?"

Ya ce, "Me?"

"Ka ji ni sarai!"

"Wurin uwarka na je," in ji shi. "Na gaya mata ɗanta yana tafe zai kama ni."

Maƙabarta, Yaya. Wato da safen nan ya sauko gangaren coci a kan duwatsu, da rabin bututu a ƙarƙashinsa, bayan ya karanta wasiƙata, bayan ya ga layin da idonsa. Na hango shi kwance a bakin gada, na hango ana buga min waya a shago. A wurinmu doka ce, firam ɗin da ya tsage yanka shi ake yi, don kada wani ya shafa masa walda a sama ya sake hawa. Kuma na san ina juya baya Zdenek zai kawo injin waldarsa na gyaran shinge. Na shiga rumfa na ɗauko zarton ƙarfe na Baba.

Zdenek ya leƙo ta shinge yana cewa, "Kai Dalibor, ka haukace ne? Ku zauna ku sha shayi tukuna mana!" Na ce ya koma ya ƙirga wayoyin da suka rage a keken matarsa. Baba bai hana ni ba. Ya zauna a kan kututturen faskare ya ɗora hannu a gwiwa yana kallo. Abu ɗaya ya ce: "Ka miƙar da zarton, za ka karya min haƙoransa." Da bututun ya rabu ya tashi ya shiga ɗaki. Abincin da ya ɗumama min yana kan murhu, ban ci ba.

Ranar Litinin na tari Maigida Kubik, na ce mu ƙera na masu nauyi. Ya ce, "Mutum nawa masu kilo 140 ke neman keke a shekara? Biyar?" Na ce ba sa nema ne saboda sun riga sun san amsar da za a ba su, kuma da bakin irinsa suka koya. Na ɗauka kora ta zai yi. Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce in ɗauki benci ranakun Lahadi, amma sunan shagonsa ba zai hau jikin abin ba.

Zan yi sabo da bututu mai kauri, da tokare biyu a ƙarƙashin kujera, da ƙaramar ƙafar baya mai wayoyi masu kauri, don ƙaramar ƙafa ta fi babba jure nauyi. Zan ɗaura buhun siminti biyu a kai in hau da kaina in bi layin duwatsu har sai na yarda da shi. Bututun sai an yi odarsa, mako uku. Duka-duka mako shida. Ki lallaɓa shi ya riƙa motsawa kafin nan.

Ban yi nadama ba. Na gaji ne kawai, tun ranar ban karanta ko shafi ɗaya ba.

Ƙanenki,
Dalibor

*

Lipova, 26 ga Oktoba

Dalibor,

Ina gaishe ka. Ban amsa da wuri ba domin duk abin da na rubuta sai in yaga.

Ba ya motsawa. Makon farko na ja shi zuwa bakin titi sau biyu, muka dawo da jini a safa. Tun daga nan yana kujerar kicin daga safe zuwa yamma, rediyo a kunne, ba ya ma jin abin da ake faɗa. Ba ya faɗa, ba ya tsokanar kowa. Zdenek ya zo da karta su yi wasa, Baba ya ce masa idonsa yana ciwo. Sukari ya koma inda yake a da. Mikin ya buɗe, kuma ƙananan yatsu biyu sun fara duhu. Likita ya ce a kwantar da shi ranar huɗu ga wata mai kamawa, su duba abin da za a iya ceta. Na nemi hutu a wurin aiki, sun ba ni kwana uku.

Ban ce ka yi kuskure da ka hana shi gangaren ba. Ni ma da na ga tsagar nan sai da na zauna a ƙasa. Tambaya ɗaya ce ke cina, kuma Zdenek ne ya fara kawo ta. Da ka shigar da keken ɗaki, ka ɗora bayansa a kan kututture yadda taya ba za ta taɓa ƙasa ba, ya riƙa juya feda a wuri ɗaya kafin sabon ya zo, tsagar za ta kashe shi? Ba rami a ɗaki, ba gangare. Ni ban san ƙarfe ba. Kai ka sani, ka gaya min gaskiya.

Ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu jiya. Bana da wuri ta zo.

Yayarka,
Milada

*

Zlin, 2 ga Nuwamba

Baba,

Ina gaishe ka, da fatan wannan ta same ka kafin a kwantar da kai.

Yaya ta yi min tambaya, amma kai ya kamata in ba amsa. A'a. A ɗaki, a kan kututture, firam ɗin nan zai kai shekara bai rabu ba, in ma ya rabu tsakaninka da ƙasa taƙi ɗaya ne. Sarƙa da kwaɗo kawai nake bukata in ɗaure shi a jikin murhu don kada ka fita da shi. Ba sai an karanta littafi za a gano wannan ba, Zdenek ma ya gano. Ni ban gano ba saboda ina tsaye a tsakar gidanka ina jin zafin an yi min ƙarya, ina so ka ga zarton yana ci. Na ce wa Yaya ban yi nadama ba. Ƙarya na yi, ka ga ni ma na iya.

Sabon ya kammalu jiya, duk da bututun ya makara da mako guda. Mummuna ne, nauyinsa kamar ƙofar coci. Na bi layin duwatsu da shi sau arba'in da siminti a baya, har wata tsohuwa ta kira min 'yan sanda. Ko waya ɗaya ba ta yi sako-sako ba. Zai ɗauke ka da duk abin da ka ga dama. Na haɗa masa matokarin ƙarfe da zai ɗaga bayansa a ɗaki.

In ba ka son ganinsa, ko ganina, ka faɗa. Zan gane.

Ɗanka,
Dalibor

*

Asibitin gunduma, 11 ga Nuwamba

Ɗana,

Na gaishe ka. Sun cire yatsu biyu, ƙananan. Babban yana nan, likitar ta ce sai an ga yadda jini zai zagaya nan da Kirsimeti, ba ta yi alkawari ba. Na tambaye ta ko mai yatsu takwas yana tuƙa keke. Ta ce da zarar ɗinki ya kame, kullum, safe da yamma.

Na karanta wasiƙarka. Ni na yi ƙarya, kai ka yi zarto. Ba ni da ƙarfin zama in raba wa kowa kasonsa.

Ranar Alhamis za su sallame ni. Milada ta fitar da teburin kicin don a sami wuri. Zdenek ya auna ƙofa ya ce keken ba zai shiga ba sai an cire ƙyaure, kuma ƙusoshin sun yi tsatsa, sun fi ƙarfinsa. Ka zo da kayan aikinka. Ka roƙi maigidanka kwana biyu, kada ka bi bas ɗin ƙarfe huɗu.

Ubanka,
Oldrich